Tausayinmu ne ya kusa kwantar da Gwaggo

Duk wanda ya taso a Argungu ya san irin matan nan masu turara shinkafa. Gwaggona, yayar Baba, ta fi shekara 30 tana wannan sana'a: murhu uku, ɗanyen itace, hayaƙi ya turnuƙe rumfa har sai ka yi hawaye kafin ka gama gaishe ta. Tari ya fara mata kamar wasa, ana cewa sanyi ne. Daga baya sai haki. Da aka kai ta asibiti a Birnin Kebbi suka sa ta hura wata na'ura, suka ce hanyoyin iska na huhunta sun tsuke, ciwon da likitoci ke kira COPD. Ba ta taɓa riƙe karan sigari ba. Hayaƙin murhu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ciwo ya kashe mutum miliyan 3.5 a 2021, a shekarar shi ne na huɗu cikin abubuwan da suka fi kashe mutane a duniya, amma a nan ko sunansa ba mu da shi, sai dai a ce "tana da haki".

To, abin da ya sa na ɗauki waya yau shi ne abin da muka yi mata bayan mun dawo gida. Mun zaunar da ita. In ta miƙa hannu za ta ɗauki buta, sai yaro ya riga ta. In ta tashi za ta share ƙofar ɗakinta, "Haba Gwaggo, ina amfaninmu?" Biki, suna, gaisuwar rasuwa, duk muka soke mata. Mu a ganinmu lada muke nema. Ba a rufa shekara ba, matar da take zuwa kasuwa da ƙafarta ta koma sai an riƙe ta zuwa bayi.

Wata ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi da motsa jiki na asibiti ce ta wanke mu tas. Ta matsa cinyar Gwaggo, ta dube ni ta ce, "Malam, wannan ba aikin huhu kaɗai ba ne." Bayaninta ya zauna mini. Mai wannan ciwo yana jin haki in ya motsa, sai tsoro ya sa ya daina motsi. Naman ƙafa in ya bar aiki yakan saki, kuma sakakken nama ya fi saurin gajiya, ya fi neman iska a kan ɗan aiki kaɗan. Sai hakin ya ƙaru, sai mutum ya ƙara lafewa a kan tabarma. Haka abin yake ta cin kansa. Huhun da hayaƙi ya ɓata ba ya komawa sabo, tafiya ba za ta gyara shi ba, kar wani ya ce na ce. Ƙafa da zuciya kuwa suna karɓar horo ko mutum ya tsufa, kuma in suka yi ƙarfi, 'yar iskar da huhun ke iya kawowa sai ta kai mutum nesa da yadda take kai shi a da.

A Ingila akwai tsari na musamman, masu ciwon kan haɗu sau biyu a mako na aƙalla mako 6, ana koya musu motsa jiki da dabarun numfashi. Mu tsakar gida muke da ita. Daga ƙofar ɗaki zuwa zaure, ta tsaya ta dafa bango, ta dawo. Tashi da zama daga kujera sau biyar. Ɗaga gorar ruwa da kowane hannu. An koya mata ta shaƙa ta hanci, ta fitar ta baki a hankali da leɓe a tsuke kamar mai fifita kunu da baki, fitarwar ta fi shaƙar tsawo. Ma'aunin da aka ba mu mai sauƙi ne: in tana haki amma tana iya amsa gaisuwa, ta ci gaba. In magana ta gagara, ta huta. In kuwa ciwon ƙirji ne, ko jiri, ko zazzaɓi, ko majina ta canza kala, ba maganar tafiya, sai asibiti. Maganin da take shaƙa in haki ya taso yana ɗaure a bakin zane kullum.

Da hunturu, ranar da hazo ya sauka ba ta fita, a cikin ɗaki take zagayenta. Murhu kuma mun raba ta da shi, nan kam ba sassauci.

Mun sha magana. Wata maƙwabciya har gida ta same ni: "Ɗan nan, ku ji tsoron Allah, tsohuwa na fama da ranta kuna sa ta faretin soja." Ban ga laifinta ba, don ni ma ranar farko da na ga ƙirjin Gwaggo yana sama da ƙasa na kusa cewa a bari. Mun taso ne da sanin cewa kula da babba shi ne a hana shi wahala, kuma a yawancin abubuwa haka ne. A wannan ciwo dai na ga inda hutun ya kai ta. Ina tunanin masu bandar kifi na Yauri, da dattawan da suka gama maganin tarin fuka amma hakin bai bar su ba, nawa ne cikinsu yanzu haka suke zaune a ƙarƙashin darbejiya, 'ya'ya masu biyayya sun hana su ko takawa masallaci.

Ranar Juma'ar da ta wuce aka yi suna a layin bayanmu. Gwaggo ta yafa mayafi ta tafi da ƙafarta. Sau biyu ta zauna a dakalin mutane tana hura iska, ƙanwata na tsaye a gefe an gargaɗe ta kar ta kama ta. Ta dawo da goro a hannu tana mitar waina ba ta ji mai ba.