Ƙanena na son in sawo mai sufacaja don Hilux ɗinshi, na ce a'a

Satin da ya wuce wajen ƙarfe biyun dare agogon nan Denver, lokacin can gida Sakkwato hantsi ya yi, ƙanena ya turo min bidiyo ta WhatsApp. Wata jar akori-kura ce ta Amurka, an buɗe bonet, direba na taka totur injin na wani irin kuka siriri kamar ana wasa wuƙa, tayoyin baya na hayaƙi. Sai ga saƙon murya ya biyo baya: "Yaya don Allah wagga na'ura nika so ka sawo min, sufacaja sunanta, in ɗora ma motata, ko nawa ta kai sai mu haɗa kuɗin a hankali." Motar tashi Hilux ce mai injin fetur 2.7, da ita yake ɗaukar albasa daga Goronyo da Wurno, ranar kasuwa kuma ya yi lodin Illela, ita ce cinshi ita ce shanshi, da matarshi da 'ya'ya huɗu.

Ni bakanike ne, a Sakkwato na koyi riƙon sifana tun ina yaro, yanzu shekara tara ke nan ina aiki a wani gareji a nan Kolorado, kuma wannan na'urar da hannuna na ɗora ta a kan motoci ba ɗaya ba ba biyu ba. To na ce mai a'a. Ya ji haushi, na san ya ji, shi ya sa na zauna in rubuta dalili da tsawo, don na lura ba shi kaɗai ba ne, samarinmu da yawa bidiyon nan na ɗaukar hankalinsu.

Duk wanda ya taɓa tsayawa Maƙera Assada ya ga yaro na zuga wuta ya riga ya gane sufacaja. Inji wuta ce ke ci a cikinshi, wuta kuma iska take so, in ka ƙara mata iska ka ƙara mai sai ta ƙara ƙarfi. Inji na yau da kullum da kanshi yake shaƙar iska, iya abin da nauyin iskar sararin sama ya tura mai, wanda a bakin teku yake psi 14.7 a ma'aunin da muke aiki da shi. Sufacaja zugazugi ne da ake ɗaura ma inji, bel ke juya shi daga karanshaf, yana cusa iska da ƙarfin tsiya. Ka ƙara psi 7, kusan rabin iskar da injin ya saba shaƙa ka ƙara mai ke nan. Asalin abin ma na maƙera ne fa, wasu 'yan uwa biyu masu suna Roots a jihar Indiyana sunka yi rajistarshi a 1860 don hura wutar narka ƙarfe, daga baya anka kai shi kan mota. Bambancinshi da turbo, shi turbo hayaƙin salansa ke juya shi, abin da dama zubarwa za a yi, shi ko sufacaja daga ƙarfin injin yake ci kafin ya ba da nashi.

Kuma ba zan ɓoye ba, abin yana aiki. Ranar da na fara gwada wata akori-kurar Ford F-150 da munka gama ɗora mata, ina taɓa totur sai da bayana ya manne da kujera. Ina gane abin da ƙanena ya gani ya so.

Amma a duba inda ake yin abin. Denver tana kan tudu, mita 1,609 sama da teku, iskar nan ba ta da kauri, injin da ba ya da turbo ko sufacaja yana rasa kamar kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinshi duk mita 300 da ka hau. Wato motar da ta zo nan ta riga ta yi asarar wajen kashi 15 tun ba ta bar gari ba, in kuma ka ɗauki hanyar I-70 ka hau duwatsu zuwa ramin Eisenhower inda hanya ta ratsa cikin dutse, wajen mita 3,400, kusan sulusin ƙarfin ya tafi, za ka ji mota na nishi kamar jakin da anka yi ma lodin yashi. Mutumin nan in ya sa sufacaja, rabin abin da yake yi maido da abin da tudu ya ƙwace mai ne. Sakkwato fa? Wajen mita 300 muke, ƙasa shimfiɗe, daga Kwannawa har Illela ba wani dutsen da zai shaƙe inji. Mu iska ba ta yi muna ƙaranci ba, zafi ne ya yi mata yawa.

Nan ne maganar take. Iska in ka matse ta zafi take yi, taɓa bakin famfon ba taya iska bayan ka gama ka ji. Shi ya sa ake haɗa sufacaja da intakula, wani ƙaramin lagireto mai sanyaya iskar kafin ta shiga inji, to amma intakula ba ya iya sanyaya ta fiye da iskar waje. A nan wata da watanni muna cikin sanyi da ƙanƙara. A gida watan Afrilu zafi na wuce digiri 40 a inuwa, kwalta kuwa ba a magana, ga mota da buhunan albasa har sama da kan direba, tana tafiya a giya ta biyu. Iska mai zafi in ta haɗu da matsi sai fetur ya riƙa kamawa da kanshi tun wutar fulogi ba ta iso gare shi ba, ka ji inji na ƙara kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, kuma kowace ƙara guda duka ce a kan fistin.

Na ga ƙarshen wannan da idona bara. Wani saurayi ya kawo muna motarshi a kan janwe, ya sayi na'urar ta hannu ya ɗora da abokanshi, bai kai an daidaita mai kwamfutar injin ba, yana shan fetur mai araha, kuma ya ja kwalekwale da ita ya hau tudu a watan Yuli. Da munka buɗe kan injin, fistin na biyar gefenshi ya cinye kamar ɓera ya gwaguyi sabulu, ringi ya kakkarye, fulogin da na ciro duk ɗigo-ɗigon alminiyon da ya narke ya manne a bakinshi, baƙin mai kuma na ƙyalli da garin ƙarfe in ka shafa a yatsa. Yaron ya tsaya yana kallon fistin ɗin a hannuna bai ce komai ba, bashin motar ma bai gama biya ba. Wannan a ƙasar da kowane gidan mai ke da fetur kala uku ke nan, ka zaɓi mai lamba 91, wanda ya fi jure matsi, in injinka na so. Mu a gida kala ɗaya ne, kusan daidai da na talakawan nan, kuma kowa ya tuna farkon 2022 da anka shigo da fetur mai methanol fiye da kima motoci sunka riƙa mutuwa. Balle in mai ya yanke maka a ƙauye ka sayi galan wajen 'yan bumburutu, Allah kaɗai ya san mi ke ciki.

Sai ƙura. Cikin na'urar nan wasu ƙarafa biyu ne ke juyawa kusa da juna, tsakaninsu bai fi kaurin takarda ba. Lokacin hunturu a Sakkwato ka wanke mota da safe, kafin azahar ka rubuta sunanka a gilashi. Mu kuma mun san yadda muke yi da iyakilina, matatar iskar inji, a ciro a bubbuga a taya a hura mai iska a maida, shekara guda ana abu ɗaya, wani ma in ya ga ya toshe sai ya huda shi da sukundireba wai mota ta samu numfashi. Sannan ita na'urar ba ita kaɗai take zuwa ba, tana son nozul manya, famfon mai mai ƙarfi, fulogi na daban, da wanda zai zauna da laftof ya sake ma kwamfutar injin lissafi, a nan har kan wata na'ura muke ɗora mota tayoyinta na juyawa a wuri ɗaya muna auna komai. Kuɗin duka a garejinmu yana kaiwa dala dubu takwas zuwa goma, a juya shi zuwa naira a gani. Bel ɗinta in ya tsinke tsakanin Gwadabawa da Illela wa ke da irinshi a shago? Ga shan mai, tun 29 ga Mayun 2023 da anka cire tallafi kowane direba da lita yake kwana da ita yake tashi.

Waɗanda ake gani a bidiyo masu ƙarfin doki 700, irin su Ford Raptor R da Ram TRX, tun daga kamfani anka gina su haka, fistin ɗinsu da giyarsu da birkinsu da lagiretonsu duk an yi su don wannan wutar. Hilux 2.7 doki 160 da 'yan kai gare ta, kuma darajarta duka ita ce ba a matsa mata ba, shi ya sa take shekara ashirin tana aiki.

Amma abin da ya fi tsaya min a rai ba injin ba ne, birki ne. A nan babbar mota a babban titi ba ta wuce fam 80,000, wajen tan 36 ita da kayanta, akwai tashoshin awo a hanya dole ka shiga a auna ka. A gangaren duwatsu sun yi wasu hanyoyi na tsakuwa a gefe don motar da birkinta ya ƙone ta afka ciki ta tsaya. Duk da haka a Afrilun 2019 wata tirela ta sauko gangaren I-70 birki ya ƙi, ta afka ma motoci a Lakewood nan kusa da mu, mutum huɗu sunka mutu. Mu a gida mota na zuwa abin farko a kai ta a ƙara sifirin, a ƙara tsawon bodi, a yi lodi ninki biyu, sannan mutane su hau saman kaya, birkin kuwa yana nan yadda kamfani ya yi shi don rabin wannan nauyin, taya kuma ta gwanjo wadda ta gama rayuwarta a Turai. Gudu in ya ninka biyu, aikin da birki zai yi ya tsaida mota ninki huɗu yake zama. Ina yaron gareji maigidana ya taɓa tafiya da ni jawo wata akori-kura da ta faɗi a hanyar Gusau, mun iske an riga an kwashe mutanen, abin da ya rage albasa ce warwatse har cikin gona da takalman roba ɗaiɗai a kan kwalta, ɗaya na ƙaramin yaro ne. Yau shekara fiye da ashirin ban manta kalar takalmin nan ba. Motar ba ƙarfi ta rasa ba ranar nan.

Kada wani ya ɗauka raina makanikanmu nake, wallahi a'a. Mutanen da ke riƙe da tsohuwar Marsandi 911 tana aiki har yau, wadda anka daina haɗa irinta tun tuni, ba a gaya masu inji. A nan abu in ya lalace cirewa muke mu jefar mu sa sabo, a gida gyara shi ake, kuma hannun da na zo da shi daga Sakkwato shi ya sa ake ji da ni a garejin nan. Su ma mutanen nan ba komai nasu ne abin koyi ba, mafi yawan motocin da muke ɗora ma sufacaja bayansu wayam yake, ba su taɓa ɗaukar ko buhu ɗaya ba, nishaɗi ne, kuma da yawa da bashi ake yinshi. Wanda ke wasa da motarshi in ta mutu yana da wata a gida. Ƙanena in tashi ta mutu tukunya ce ta sauka.

Kuma a duba masu ɗaukar nauyi na gaskiya, tirelolin da ke layi a Kalambaina suna jiran siminti, DAF da MAN da Howo, duk injin gas ne mai turbo, haka ma manyan motocin nan Amurka, ba mai ɗora masu wannan na'urar. Abin da ke jan kaya ƙarfin murɗawa ne tun inji na ƙasa-ƙasa, kuma nan injin gas ya fi. Sai dai su ma ina roƙon a daina buɗe masu famfo ana ƙara mai wai don ƙarfi, baƙin hayaƙin nan da ke tashi gas ne da bai ƙone ba, kuɗi ne ke bin iska, yana kuma gasa turbo da fistin.

Abin da na ce ma ƙanena shi ne ya fara maido da dokin da motar ta zo da su, don na tabbata ba duka ke nan ba yanzu. A auna matsin kowace silinda, a wanke lagireto ciki da waje, a maida tamostat ɗin da anka cire, sabon iyakilina na kirki duk bayan 'yan watanni, fulogi, kuloci in yana zamewa, baƙin mai a kan lokaci, birki gaba da baya, taya huɗu sababbi, ya kuma rage buhu biyar a kowane lodi ko da sawu zai ƙaru. In har aikin ya fi ƙarfin motar to ya sayar mu haɗa kuɗi ya ɗauki Hilux mai gas da turbo, ko ya haura zuwa Kanta, ni zan sa nawa a ciki da zuciya ɗaya.

Ya yi shiru kwana biyu, sannan ya turo cewa "Yaya kai dai ba ka son kashe kuɗinka ne." Maganar ta yi min zafi amma ban maida ba. Wani ɗan unguwarmu zai taho gida ƙarshen wata, na riga na haɗa mai kwali, iyakilina uku, fulogi, takalman birki da ma'aunin zafin inji mai ƙara in ruwa ya fara tafasa, kuɗin taya kuma na tura ma babbar yayarmu ta riƙe, sai ya kai motar shago an ɗaura ta biya. Jiya ya sake turo wani bidiyon, wata baƙa ce wannan karon. Na ce mai na gani, ya ɗauko min hoton tayoyinshi na baya in gani su ma.