Ga mai jin waƙa guda ya yanke wa faifai hukunci

Ba da kowa nake ba, jama'a. Amma akwai wani da tun da ya sayi kwamfuta da makirfo guda ya naɗa kansa alƙalin kiɗan duniya. Sabuwar fatawarsa ita ce wai Eternal, faifan da Isley Brothers, ƙungiyar mawaƙa 'yan'uwa ta Amurka, suka fitar a 2001, ba nasu ba ne, wai yara ne suka yi aikin aka liƙa sunan tsofaffi a bango. Da jin wannan ka san waƙar Contagious da ke cikin faifan kaɗai ya saurara, ita ma a bidiyo.

Gaskiya ne R. Kelly ne ya rubuta Contagious ya kuma haɗa kiɗanta, Chanté Moore ta hau, waƙar ta kai lamba 19 a jerin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. R. Kelly yana kurkuku yanzu kan laifukan da kotu ta same shi da su, babu mai wanke shi a nan. Sai dai faifan ba waƙa ɗaya ba ne. Akwai hannun Jimmy Jam da Terry Lewis, akwai na Raphael Saadiq, Jill Scott ta yi Said Enough tare da Ronald Isley, babban mawaƙin ƙungiyar, kuma akwai wadda aka sa wa suna Ernie's Jam don kowa ya san Ernie, ƙanen Ronald mai jita, yana nan. Duk a rubuce suke a takardar faifan, in da gwanin namu yana karatu kafin ya yi sharhi.

A lokacin mutum biyu, Ronald da Ernie, suka rage daga shidan da suka yi faifan 3+3 a 1973. O'Kelly ya rasu a 1986, Rudolph ya koma wa'azin coci a 1989, ciwon suga ya zaunar da Marvin mai bes, surukinsu Chris Jasper ya daɗe da kama gabansa. Ronald yana da shekara 60, shekara 42 ke nan bayan tsohuwar waƙarsu Shout. A haka faifan ya kai lamba 3, ya sayar da sama da kwafi miliyan ɗaya a Amurka.

Abin da mutumin bai gane ba shi ne naɗar muryar dattijo sana'a ce daban. Ƙarfin Ronald yana cikin siririyar muryar sama da yadda yake lanƙwasa gaɓa guda ta bi ta sauti uku ko huɗu kafin ta sauka. Irin wannan murya ba a yi mata gaggawa. Kiɗan yakan zauna tsakanin bugu 60 zuwa 75 a minti, domin ta samu filin jan numfashi da juyawa. Ka kai shi 95 don ka burge yara, sai mawaƙin ya riƙa yanke ƙarshen kalmomi yana bin ganga a guje, daɗin ya tafi. In sautin sama ya fara yi masa nauyi, a sauke waƙar da rabin mataki ko mataki ɗaya tun kafin a buga kayan kiɗa. Wanda ya bari sai an gama ya ja ta da kwamfuta, zai ji murya ta koma ta ɗan tsana.

Sai otocun, na'urar kwamfuta mai miƙe sautin murya in ya kauce, abin alfaharin wasu. Ka sa saurin gyaransa a sifili, duk lanƙwasar nan za ta kakkarye ta zama matakala, domin na'urar tana ɗaukar kowace zamiya a matsayin kuskure. In ya zama dole, a sassauta shi, a gyara gaɓar da ta kauce ita kaɗai da hannu. Kwamfuresa, na'urar da ke danne murya in ta yi ƙarfi, ita ma haka: uku bisa ɗaya ya isa, ya danne desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) uku zuwa biyar a inda murya ta tashi. Ka matse fiye da haka, numfashi da ƙarar leɓe su taso su yi daidai da waƙar. Ƙasa da hez 80 (hez ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne) a share, babu komai a can sai gurnanin ɗaki.

Wurin da ake gane furodusa shi ne jitar Ernie. Sautin nan nasa mai kuka, wanda aka sani tun waƙarsu That Lady, yana zaune tsakanin hez 2,000 da 4,000, daidai inda kalmomin mawaƙi suke fitowa sarai. Ka sake su tare, su danne juna. Shi ya sa a wajen Isley jita take jira sai murya ta ajiye baiti ta amsa mata, ko a ba ta filinta a ƙarshen waƙa. Aikin ƙwararru ke nan: su gina ɗaki daidai da masu gida, ba su kawo nasu su ce a shiga ba.

Da ma faifansu Body Kiss na 2003 gwanin namu ya soka, da an saurare shi. Wancan ne R. Kelly ya mamaye kusan gaba ɗaya, jita ta ja baya, ko da yake shi ya hau lamba 1, karon farko tun The Heat Is On na 1975. A ganina Eternal ya fi shi nesa. Amma sai wanda ya ji biyun zai iya bambanta su.

Batun wa ya hau bayan wa kuwa, Big Poppa ta Notorious B.I.G. a kan waƙar Isley Between the Sheets ta 1983 aka ɗora ta, It Was a Good Day ta Ice Cube kuma a kan waƙarsu Footsteps in the Dark ta 1977. Yankar kiɗan wani ka ɗora naka a kai izini biyu yake buƙata, na mai rubutun waƙa da na mai faifan da aka naɗa. Kuma gidan Isley ba sa wasa da haƙƙinsu: sun kai Michael Bolton kotu kan Love Is a Wonderful Thing, aka yanke musu diyyar dala miliyan 5.4.

Na faɗi wannan ne saboda akwai wani kiɗa da ke yawo kwanan nan, bes ɗinsa ya yi kama da na Marvin ƙwarai, an ɗan ƙara masa sauri an rufe da tafi. Mai shi ya san kansa, ya kuma san ko yana da takardun nan biyu.