Kwalbar gwaji ba za ta faɗa mana lafiyar Kogin Challawa ba

Duk lokacin da aka tayar da maganar dagwalon da majemun Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano ke zubarwa, amsa ɗaya muke ji: za a ɗebi ruwa a kwalba, a kai ɗakin gwaji, a jira sakamako. Na gaji da wannan amsa.

Kwalba ba ta nuna komai sai halin ruwa a sa'ar da aka ɗebe shi. Mai masana'antar da ya san ranar zuwan jami'ai ba zai rasa dabarar rufe bututu ba. Idan aka saki ruwan jima mai sinadarin kuromiyam da tsakar dare, kafin hantsi ya yi gaba, can wajen Tamburawa inda Kano ke ɗiban ruwan sha. Wa kwalbar ta kama?

Amma halittun cikin kogi ba sa tashi daga aiki. Suna nan damina da rani, duk abin da aka zuba a jikinsu yake ƙarewa. Akwai ƙananan ƙwarin da ke maƙale a ƙarƙashin duwatsu, waɗanda ba sa rayuwa sai a ruwa mai wadatar iska. Da ruwa ya lalace, su ne farkon ɓacewa. Jar tsutsar cikin taɓo kuwa ƙazanta ba ta dame ta ba, tarwaɗa ma takan leƙo sama ta shaƙi iska. Don haka kogin da aka wayi gari babu kowa a ciki sai waɗannan biyu, ya riga ya ba da shaida, ko me takarda ta ce. Masuntan Jakara da madatsar Wasai sun san irin kifin da taru ya daina kamowa. Wa ya zauna da su ya rubuta?

Masu cewa wannan ba kimiyya ba ce, ba su yi bincike ba. Tun shekarar 2000 dokar ruwa ta Tarayyar Turai ta sa halittu cikin ma'aunin lafiyar kogi. A Afirka ta Kudu, har 'yan makaranta ke ƙirga ƙwarin rafi da tsarin miniSASS, da 'yar koma da faranti.

NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli wadda aka kafa a 2007, da Ma'aikatar Muhalli ta Kano su haɗa kai da Jami'ar Bayero da sarakunan ruwa, a riƙa wannan ƙidaya sama da bakin kowane bututu da ƙasansa, a kuma karanta sakamakon a rediyo, har da sunan bututun da aka tarar da kogi ya mutu a ƙasansa.