Wallahi a daina sayar wa mutane sunan shafin intanet da sunan fili

Abin da wasu dillalan sunayen shafukan intanet ke yi a Abuja ya isa haka. Su kama ɗakin taro a wani otal a Wuse, su karɓi kuɗin shiga, su haska Voice.com a bango da manyan baƙaƙe, su ce an sayar da shi dala miliyan 30 a 2019. Wannan gaskiya ne. Daga nan sai su ce wa ma'aikacin da ya tara 'yan kuɗinsa da ƙyar wai domen, wato sunan shafin intanet, fili ne, ya saya ya ajiye kamar yadda aka sayi Gwarinpa tun tana daji. Haba jama'a! Domen haya ce. Duk shekara sai ka biya, ranar da ka kasa kuwa an fara shirin fitar maka da kaya.

Ga lissafin da ba sa haskawa. Kamfanin Verisign da ke riƙe da .com ya kai farashin sari dala 10.26 a watan Satumban 2024, kafin kamfanin rajista ya ɗora ribarsa. Wanda ya tara sunaye 100 zai zuba sama da dala 1,000 kowace shekara don kawai su zauna a hannunsa. Kafin a saki naira a Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Ke nan a 2024 sabuntawa kaɗai ta wuce naira miliyan ɗaya da rabi. Su kuma tsofaffin hannu a wannan sana'a sun san cewa a cikin sunaye 100 masu kyau, ɗaya ko biyu ne ke samun mai saye a shekara, sannan kasuwanni irin Sedo da Afternic su cire la'adarsu kafin kuɗi ya iso gare ka. Wa ya faɗa wa mutane wannan a ɗakin taron?

Sai maganar kimantawa, wadda ita ta fi ƙona rai. A rubuta suna a wata na'urar ƙiyasi, ta fito da dala dubu biyu, a ɗauki hoton a tura wa mai saye kamar takardar banki. Na'urar nan tana auna tsawon suna ne da irin cinikin da aka taɓa yi na kalmomin Turanci. Ba ta san Hausa ba. Ba ta san cewa idan aka cire lanƙwasa, ƙasa da kasa abu ɗaya suke zama a adireshi ba, kuma mai ƙ ɗin, idan ma an yi masa rajista, yakan rikiɗe ya koma wasu baƙaƙe masu farawa da xn-- da ba wanda zai iya karanta wa abokin ciniki a waya. Darajar suna ta gaskiya ana gane ta da tambaya uku: nawa aka sayar da irinsa a zahiri (ana iya dubawa a NameBio, shafin da ke tara bayanan cinikin sunaye), kamfanoni nawa ne ke amfani da kalmar kuma suna da kuɗin saye, in ka faɗe shi sau ɗaya a kasuwa, mutum zai iya rubuta shi daidai? Domen mai ɗauke da sunan kamfanin wani kuwa masifa ce ka saya da kuɗinka, don mai tambarin zai kai ƙara WIPO, hukumar duniya mai kare haƙƙin mallakar fasaha, a ƙwace, ko kwabo ba za a ba ka ba.

Mafi muni shi ne dillalin da ke yin rajistar da imel ɗinsa, a asusunsa. Kai ka biya, shi ke da suna. Saƙon tunatarwa kan sabuntawa wajensa yake zuwa, bai buɗe ba. Ga mai shagon waya a Banex ya buga adireshinsa a allo da leda da katin kasuwanci, ran Litinin da safe ya buɗe ya tarar da shafin talla na wasu. Ya kira, waya a kashe. Kuma agogo na tafiya tun ranar da wa'adin sunan ya ƙare: a .com ana iya samun sassauci da bai wuce kwana 45 ba, ya danganta da kamfanin rajista, sai kwana 30 na fansa da kuɗinsa ya ninka na sabuntawa sau da yawa, sai kwana 5 na jiran gogewa da ba a iya komai a cikinsu. Wasu kamfanonin ma tun kafin nan sun kai sunan gwanjo. Sakacin mutum ɗaya ya cinye suna da aka shekara biyar ana ginawa.

Duk wanda zai saya, ya buɗe asusu da kansa, da imel ɗinsa, ya ga sunan ya shigo ciki kafin ya saki kuɗi. In daga wani kamfanin rajista za a ɗauko shi, ya nemi lambar sirrin canja wuri, ya kuma duba ranar rajista, don sabon .com yakan zauna a kulle kwana 60. Ciniki mai nauyi a bi ta hannun amintaccen mai riƙon kuɗi, ba tura wa mutum a asusunsa ba. Wanda kuma cinikinsa a Najeriya yake, ya dubi .ng da .com.ng da NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen intanet ta Najeriya, ke kula da su, waɗanda ake biya da naira ta hannun kamfanonin da ta amince da su. Dillalin da ya ce a bar sunan a wajensa don ya fi sanin harkar, a tambaye shi ko shi zai yarda ya biya kuɗin mota a rubuta takardunta da sunan wani.