Ciyawar Kansas da alƙawarin iskar kabon

Masu son kwantar wa mutane da hankali kan sauyin yanayi suna yawan cewa iskar kabon dayoksaid abincin tsirrai ce, saboda haka ƙaruwarta alheri ne. Gaskiya ne ta ƙaru, domin daga kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu ta haura 420 a yau. Amma ciyawar filayen tsakiyar Amurka ta nuna cewa hujjar tasu ba ta kai inda suke son kai ta ba.

Daga 1989 zuwa 1996, masanin kiwo Clenton Owensby da abokan aikinsa na Jami'ar Jihar Kansas sun kewaye wasu yankuna na fili da rumfuna marasa rufi, suka riƙa hura musu ninki biyu na wannan iska. Ciyawar da ta fi yawa a wurin ita ce wadda suke kira big bluestem, 'yar'uwar gamba ce ta jini, domin dukansu dangin Andropogon ne, kuma kamar gero da dawa tana cikin rukunin da masana ke kira C4, wato tsirran da tun asali suke tara kabon a cikin ganyensu, don haka ƙari bai cika yi musu amfani kai tsaye ba. Duk da haka ciyawar ta ƙara yawa, amma a shekarun ƙarancin ruwan sama, yayin da a shekarun da damina ta yi kyau bambancin bai taka kara ya karya ba. Dalili shi ne ƙananan kafofin ganye sun tsuke, ruwan da ke fita ya ragu, ƙasa ta daɗe da laima. Ribar ta ruwa ce.

Abin da ya fi damuna shi ne ingancin ciyawar. Sinadarin naitrojin, wanda shi ne tushen furotin, ya ragu a ganyen, kuma ta ƙara wuyar narkewa a cikin dabba. Saniya ba ta iya cin fiye da abin da tumbinta zai ɗauka, saboda haka idan kowace loma ta yi rauni, kiwon ne ya yi rauni ko da filin ya yi shar. Duk makiyayin da ya ga yadda shanu ke ramewa a kan busasshiyar gamba da rani ya san wannan ba tare da awo ba. A filin bincike na Konza, nan Kansas ɗin dai, an danganta raguwar fara, ƙwarin nan masu cin ciyawa, da wannan tsarmuwar abinci, a wani nazari da ya fito a 2020.

Akwai kuma gargaɗi ga masu saurin yanke hukunci, har da mu masu sharhi. A Cedar Creek ta jihar Minnesota, masanin muhalli Peter Reich ya jagoranci wani gwajin ƙara wa ciyayi wannan iska, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2018 bayan shekara 20. A shekara 12 na farko ciyayin rukunin C3, wato waɗanda ba sa tara kabon a ganyensu kamar na C4, su ne suka amfana, kamar yadda littattafai suka koyar, amma a shekara takwas na ƙarshe lamarin ya juya, C4 suka wuce gaba, kuma juyin ya bi sawun yadda naitrojin ke samuwa a cikin ƙasa. Da kuɗin binciken sun ƙare a shekara ta goma, da an rubuta akasin haka an koyar da shi a aji.