Yadda Alhaji Ya Ci Bashin Kuɗin Kansa

Ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Garwa ta ƙasar Kamaru wanda ke riƙe wa 'yan kasuwar albasa da gyaɗa lissafin abin da suka ajiye da abin da suka cire. Kowace ajiya da kowace cirewa saƙo ne, kuma saƙonnin suna bi ta cikin Kafka, manhajar da aka ƙirƙira a LinkedIn aka sake ta ga kowa a 2011. Kafka tana rarraba saƙonni zuwa sassa, namu shida ne, kuma alkawarinta bai wuce ɗaya ba: za ta kiyaye jerin saƙonni a cikin sashe guda, amma abin da ke tsakanin sashe da sashe ba ruwanta. Shi ya sa muka mayar da lambar wayar kowane ɗan kasuwa mabuɗinsa, wato alamar da ake dubawa a zaɓa wa saƙo sashe, domin duk harkarsa ta faɗa sashe ɗaya, na farko a gaba, na baya a baya.

Muna zaune lafiya har aka kawo sabuwar manhaja da aka rubuta da yaren kwamfuta na Python don wakilanmu na kasuwa, ta zo ta tarar da tsohuwar ta ofis wadda aka rubuta da wani yaren, Java. Ana tsakiyar zafin Afrilu, fanka tana kaɗa iska mai ɗumi, sai manhajar da ke karanta saƙonni ta tsaya cak tana maimaita kuka ɗaya, wai abin da ya iso mata ba bayit 8 ba ne, bayit kuwa ma'aunin girman saƙo ne a kwamfuta. Ashe tsohuwar tana tura lambar waya a matsayin adadi, wanda ke cin bayit 8, ita kuwa sabuwar tana tura ta a matsayin rubutu, kuma tunda lambar waya a Kamaru alƙaluma tara ce, sai ta zama bayit 9. Mai karantawa ba ta tsallake saƙon da ta kasa fahimta, a nan take togewa kamar jakin da ya ga gada, duk na bayansa su yi ta jira. Muka mayar da kowane mabuɗi rubutu, aiki ya tashi, maigida har ya aika a sayo mana soye.

Ba mu gama sakace haƙora ba sai ga wani Alhaji dillalin albasa ya shigo, babbar riga a saɓe a kafaɗa, wayarsa a hannu.

"Kai yaro, na ajiye sefa dubu 500 da safe a hannun wakilinku, na zo nan na ciri dubu 200, sai ga saƙo wai kuna bina bashi. Bashin kuɗina?"

"Ranka ya daɗe, kuɗinka suna nan. Kafka ce ta gabatar da cirewar kafin ajiyar."

"To kira min ita."

Na yi ƙoƙarin bayyana masa cewa ba ma'aikaciya ba ce, amma ya riga ya ja kujera ya zauna yana jira, maigida kuma ya tsare ni da ido.

Na buɗe saƙonnin biyu na dube su bayit bayan bayit, mabuɗin iri ɗaya ne sak, amma ajiyar tana sashe na biyu, cirewar tana na biyar, kuma na biyun ne ke da cunkoso a ranar. Dalilin yana cikin lissafin zaɓen sashe: Java tana bi da mabuɗin ta wata dabarar lissafi mai suna murmur2, ta raba sakamakon da yawan sassa ta ɗauki abin da ya saura, ita kuwa manhajarmu ta Python tana kan librdkafka, manhajar da ke haɗa ta da Kafka, wadda idan ba a gaya mata komai ba wata dabarar daban mai suna CRC32 take amfani da ita. Kowacce tana da gaskiya a lissafinta, Alhaji ne kawai ya shiga tsakani. A ganina wannan ya fi matsalar farko sharri, domin ta farko ta yi ihu an ji ta, wannan kuwa ko tari ba ta yi ba.

Maigida, wanda ya yi imanin cewa ƙari yana maganin komai, ya ce a mayar da sassan goma sha biyu. Na roƙe shi da girman Allah ya bari, domin canza yawan sassa yana sauya wa mabuɗai da yawa mazauni, kuma Kafka ba ta yarda a rage abin da aka ƙara. Gyaran layi ɗaya ne: na umarci librdkafka ta koma murmur2_random, ita ma ta riƙa lissafi irin na Java. Daga nan na gano cewa wasu wakilai suna fara lambar da 237, lambar ƙasar Kamaru, wasu ba sa sawa, wato mutum ɗaya mabuɗi biyu, sai na sa manhajar ta riƙa datse shi kafin turawa.

Lissafin Alhaji ya daidaita kafin la'asar. Ya duba wayarsa sau biyu, ya miƙe, ya gyara hula, sannan ya ce shi bai riƙe yarinyar a zuciya ba, amma a daina barinta ita kaɗai da kuɗin mutane. Maigida ya tabbatar masa da cewa an ja mata kunne sosai.