Masu cewa a yi wa dabba allura duk wata, wa ya tambaye su ina maganin yake zuwa?

Tun da aka kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya a watan Yulin 2024 kowa ya zama likitan dabbobi a ƙasar nan. Ka buɗe TikTok ko Facebook sai ka ga yaro da farar riga tsaye a gaban raguna uku yana karanto "tsarin kiwon zamani", kuma abu na farko a tsarin nasu kullum shi ne allurar wanke ciki, wasu su ce duk wata, wasu ma har su ce duk sati biyu idan Layya ta matso, wai don rago ya buɗe ciki ya ci ya yi nauyi. Maganin da suke nufi mafi yawa ivermectin ne, wanda 'yan kara ke kira Ivomec ko da kuwa wani kamfanin ne ya yi shi. Abin da ya tunzura ni shi ne ban taɓa jin ɗayansu ya faɗi inda maganin nan yake ƙarewa ba bayan ya gama aikinsa a cikin dabbar.

A kashi yake ƙarewa. Ivermectin ba ya narkewa sosai a jikin saniya ko tunkiya, mafi yawansa fitowa yake ta bayan gida da ƙarfinsa, kaɗan ne ƙwarai yake bi ta fitsari, kuma yana ci gaba da fitowa kwanaki da makonni bayan allura ɗaya. Da ya faɗi ƙasa sai ya manne da kashin da ƙasar, ruwan sama ba ya wanke shi da sauƙi, yana iya daɗewa a ciki har watanni musamman inda rana ba ta dukansa. Yadda yake kashe tsutsar ciki da ƙazwa da kwarkwata shi ne ya kama jijiyoyinsu ya shanye musu jiki, su kasa motsi su kasa ci. To matsalar ita ce irin wannan jijiyar ce a jikin buzuzu, da tsutsar ƙudajen da ke cin kashi, da tarin ƙananan ƙwarin ƙasa waɗanda ido da ƙyar yake ganinsu. Maganin ba ya bambance mai cutar da dabba da mai yi mata aiki.

Duk wanda ya taso a ƙauye ya san buzuzu, wannan baƙin ƙwaron mai gungura kashi da ƙafafun baya wanda yara ke bi suna dariya. Amma masu gungurawar ma su ne 'yan kaɗan, mafi yawan danginsa a ƙarƙashin kashin suke aiki, su haƙa rami su ja kashin zuwa ciki su dunƙula shi su sa ƙwai a tsakiya. Ka ɗaga kashin saniya na kwana biyu da damina a inda ƙasa ke da rai, za ka ga ƙasansa duk ramuka ne kamar an soka yatsu, da ɗan tulin sabuwar ƙasa a gefe, saman ya rage ɓawo kawai. Waɗannan ramukan su ne hanyar da ruwan sama ke bi ya shiga ƙasa maimakon ya gudu, su ne kuma suke kai takin zuwa inda saiwa take. Bayansu sai tana, wato tsutsar ƙasa, ta zo ta ƙarasa, da rani kuma gara ce ke ɗaukar aikin. Ita tana ma ta fi buzuzu jure maganin, amma ta fi shiga kashin da aka riga aka huda mata. Babban buzuzu wani lokaci yakan tsira, 'ya'yansa da ke cikin dunƙulen ne suke mutuwa ko su fito a raunane, shi ya sa ba ka ganin gawa a fili, sai dai badi ka ga sun ragu.

Wannan ba sabon zance ba ne kuma ba raɗe-raɗin intanet ba ne. An fara sayar da ivermectin na dabbobi a 1981, kuma tun 1987 wasu masu bincike biyu a Bristol ta Ingila, Richard Wall da Les Strong, suka nuna cewa kashin 'yan maruƙan da aka bai wa maganin ya zauna kusan yadda yake har bayan kwana 100, babu ƙwarin da suka saba cinye shi, alhali na waɗanda ba a ba su ba ya riga ya ruɓe. Tun wancan lokacin ake ta maimaita irin binciken a ƙasashe daban-daban, mu kuma a nan sai yanzu muke koya wa juna a ƙara yawan allurar.

Na san amsar da za a ba ni, na sha jin ta a majalisa a Agege a nan Legas: mutane na fama da kuɗin shinkafa kai kana kukan ƙwaron kashi. To wanda ya faɗi haka ya je ya tambayi mutanen Ostireliya. Turawa sun kai shanu can, ƙwarin ƙasar kuwa sun saba da busasshen kashin dabbobinsu irin su kangaru, ba su iya da jiƙaƙƙen kashin saniya ba, sai kashi ya rufe makiyaya ya hana ciyawa tsiro, ƙudaje suka addabi kowa. Saniya ɗaya fa tana kashi wajen sau goma a rana, sai ka lissafa da miliyoyin shanu. Ƙarshe hukumar bincikensu ta CSIRO, ƙarƙashin wani masani George Bornemissza, ta shafe daga 1965 zuwa 1985 tana shigo da buzuzu daga waje, da yawansu daga nan Afirka, har iri sama da 20 suka zauna a can. Gwamnati ce ta kashe kuɗi ta yi jigilar ƙwaron da mu Allah ya ba mu kyauta, mu kuma muna sayen kwalba da kuɗinmu muna rage shi.

Sai kuma masu cewa ai a Legas ba a kiwon sake, doka ta hana tun 2021, saboda haka zancen bai shafe mu ba. Haba. Ina ake ɗora shanun da ke sauka a Kara ta bakin Berger da mayankar Oko-Oba? Wa ke aika kuɗi gida a sayi raguna a turke wa Layya? Mu ne 'yan Legas, dillalai da mahauta da masu gadi da 'yan Mile 12, kuma mu ne muke tura wa ƙannenmu na gida waɗannan bidiyoyin mu ce ga yadda ake kiwo yanzu. Takin da ya taru a turken nan shi ake kwashewa a kai gona kafin shuka, wato daidai lokacin da ruwan farko zai sauka buzuzu ya fito neman wurin hayayyafa. Mutum ya kasa sayen buhun takin zamani saboda tsada ya koma ga na gargajiya, sannan ya zuba wa na gargajiyar abin da zai kori masu sarrafa masa shi. A nan kusa ma, kasuwar Kara a bakin kogin Ogun take, kogin kuma cikin lagun ɗin Legas yake zuba, kuma a jikin takardar maganin a rubuce yake cewa yana da haɗari ga kifi da ƙananan halittun ruwa, kada a zubar da ragowarsa ko kwalbarsa a ruwa. Wa ke karantawa?

A wata kasuwar tumaki a nan cikin gari na tsaya ina kallon wani yaro, sirinji ɗaya a hannu kwalba a aljihun gaba, yana bin raguna layi-layi, ya kama fatar wuya ya soka ya wuce, ba ya ko duban girman dabbar, ɗan tunkiya da ƙaton Balami duk awo ɗaya, allurar ma ba ya canzawa. Na ce wa mai su, Alhaji waɗannan duka ciwo suke yi ne? Ya yi dariya ya ce Malam ai rigakafi ne, wanda ba shi da ciwo ma ƙara masa kyau yake. Ƙa'idar maganin nan mil ɗaya ne ga kilo 50 na nauyin dabba, kuma akwai kwanakin da aka ce a jira kafin a yanka, sama da wata guda a yawancin na allura, ba a kuma yarda a yi wa saniyar da ake tatsar nononta don sha ba. Ragunan nan kuwa kasuwa suke, ana iya yanka su jibi. Wannan wani babi ne daban, na cikinmu ne mu masu ci, amma hannu ɗaya ne yake jawo duka biyun.

Kuma "rigakafi" ɗin nan shi ne babbar ƙaryar. Ivermectin ba rigakafi ba ne, ba ya koya wa jiki komai, kashe abin da ya tarar yake yi. Ba ya taɓa tsutsar hanta sai in an haɗa shi da wani maganin, ba ya sa ƙiba, dabbar da ba ta da tsutsa in ka yi mata ba ta ƙaru da komai ba sai kashinta da ya zama guba ga ƙwari. Abin da yawan allura yake haifarwa shi ne tsutsar da ba ta jin magani, domin duk zagaye raunanan ne ke mutuwa masu taurin kai su rage su hayayyafa, kuma masu tumaki a Afirka ta Kudu sun ga wannan tun cikin shekarun 1980, 'yan shekaru kawai bayan fitowar maganin. Ga wani abin da masu bidiyo ba su sani ba ko ba sa so su faɗa: ƙwan tsutsar ciki a kashi yake ƙyanƙyashewa ya hau ciyawa dabba ta sake ci, buzuzun da ke binne kashin da wuri yana rage wannan. Ka rage buzuzu, tsutsa ta ƙaru a makiyaya, ka ƙara sayen kwalba. Mai kemis ne kaɗai ya ci riba a wannan zagayen.

Kar wani ya ce ina zagin maganin. Daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa a Japan aka samo shi, Satoshi Omura da William Campbell sun karɓi kyautar Nobel a 2015 saboda shi, kuma shi ne Mectizan ɗin da ake rabawa kyauta a ƙauyukan bakin kogi tun daga 1987 wanda ya tsare idanun mutane masu yawa daga makanta. Dabbar da ƙazwa ta cinye ko tsutsa ta tsotse wa jini a yi mata, ba gardama. Masu cewa a watsar da maganin bature gaba ɗaya a koma sassaƙe su ma ban tsaya ɓata lokaci a kansu ba. Wanda nake faɗa da shi shi ne mai yi wa garke duka don kalanda ta ce.

Abin yi ba wani boyayye ba ne. A yi wa mai ciwo a bar mai lafiya, a Afirka ta Kudun nan ma har kati suka yi mai suna FAMACHA da ake gwada launin cikin fatar idon tunkiya da shi don a gane wadda jininta ya yi ƙasa, abin da tsofaffin makiyayanmu suke yi da babban yatsa tun da can. Akwai magunguna irin su albendazole da levamisole waɗanda ba su kai ivermectin illa ga ƙwarin kashi ba, likitan dabbobi na gaske zai faɗa maka wanda ya dace, su kuma na zubawa a gadon baya don kaska, irin su cypermethrin da deltamethrin, kar a ɗauka sun fi sauƙi, su ma suna kashe buzuzu. Takin turken da aka yi wa allura a ware shi ya daɗe kafin a kai gona. NAFDAC da ma'aikatar kiwon kuwa, in har da gaske suke kan maganar ranch da za a tara dubban shanu wuri ɗaya ana yi musu allura rana ɗaya, su fara da tilasta a rubuta gargaɗin jikin kwalba da Hausa da Fulatanci, tunda masu riƙe da sirinjin ba da Turanci suke kiwo ba, sannan wani ya tambayi yaran nan masu farar riga a wace makaranta suka karanta aikin.